Ga Katin Nan, Ka Ƙarasa

Cikin azumin 2020 ne, lokacin da aka kulle Kano saboda korona. Mun idar da asham a falo, tunda an hana taruwa a masallaci, ƙananan yara sun yi barci, muka shimfiɗa allon wasa a kan kafet. Mu huɗu ne: ni, da matata, da ƙanina wanda kullen ya rutsa da shi a gidanmu, sai babbar 'yarmu mai shekara goma sha ɗaya.

Sunan wasan Pandemic. Taswirar duniya ce mai birane 48, cututtuka huɗu na yaɗuwa a cikinsu, kowace da launinta. Ba a karawa da juna a wasan. Duk waɗanda suka zauna ɓangare ɗaya suke, allon ne abokin gaba: ko a gano maganin cututtukan huɗu a yi nasara tare, ko annoba ta ɓarke sau takwas a faɗi tare. Kowa da aikinsa. A daren nan matata ce likita, wadda ke iya share cutar gari gaba ɗaya a taku guda. Tana Khartum, yi ya zo kanta, ga Legas a maƙwabta ɗauke da ƙwayar cuta uku. A dokar wasan, uku ce iyaka. Ta huɗu na sauka sai cutar ta fantsama zuwa duk garuruwan da ke kewaye.

Ta yi shiru tana duban katin hannunta. Ban san tsawon shirun ba, amma na tabbata bai kai minti guda ba. Sai kawai na ga hannuna ya miƙe, ya ɗauki ɗan itacen da ke wakiltarta, ya kai shi Legas, ya kwashe ƙwayoyin nan uku, ya zarce da shi Kinshasa ya kwashe na can. Taku huɗu, yi ya ƙare. Har na ce wa ƙanina, "To, kai ne."

Ba fuskata ta kalla ba, hannun ta bi da kallo har ya koma kan gwiwata. Sannan ta haɗa katinta wuri guda ta ajiye a gabana a hankali, ta ce, "Abbansu, ga katin nan, ka ƙarasa." Ta tashi ta shiga kicin. Mun ci wasan a daren, mun gano magani huɗu cif. Ba wanda ya yi murmushi. 'Yata ta tattara ƙwayoyin ta zuba a jaka ba tare da an sa ta ba, ta yi mana sai da safe.

A Zariya na tashi, a gidan da ba a shiga da karta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai raba karta da caca ba, kuma yana da hujja, don ya ga gidajen da ta rusa. Whot a ɓoye muke yi a bayan aji, lido kuwa sai a ɗakin 'yan mata ranar salla. Abin da ya yarda da shi shi ne dara. Da la'asar sakaliya dattawan unguwa kan haƙa gurbi talatin a ƙasa ƙarƙashin darbejiya, wannan ya riƙe tsinke goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman jera uku ya ci ɗan abokin karawa. 'Yan kallo sun fi masu yi hayaniya: "Kasa nan!" "Toshe masa!" Baba kuwa tsayawa yake da hannuwa a goye a baya, ba ya cewa uffan, ko da amininsa ne zai faɗa rami. Ina yaro na ɗauka bai iya ba ne, har sai ranar da na ga ya zauna ya cinye mutum uku a jere.

Wasannin zamani a Jamus na haɗu da su. A 2016 wurin aiki suka tura ni kwas na wata huɗu a Dortmund, kan harkar ruwan sha. Kaka ta shiga, rana na faɗuwa da wuri, kaɗaici ya dame ni. Wani abokin karatu, Bajamushe, ya gayyace ni gidansa cin abinci, bayan an kwashe kwanuka matarsa ta ɗauko wani jan kwali. Catan ke nan. Wani mai haɗa haƙoran roba, Klaus Teuber, shi ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1995, a shekarar kuma ya ci Spiel des Jahres, kyautar gwarzon wasan shekara da Jamusawa ke bayarwa tun 1979. Tsibiri ne da ake haɗawa da filaye 19 masu kusurwa shida: daji mai ba da katako, kuddudufin bulo, makiyayar tumaki, gonar alkama, dutsen tama, da hamada guda da ba ta ba da komai. Kowane fili da lambarsa, ban da hamada. A jefa 'ya'yan lido biyu, lambar da ta fito, duk mai ƙauye a gefen filin sai ya kwashi amfani. Hanya na cin bulo da katako. Ƙauye na cin bulo da katako da alkama da tunkiya. Mai da ƙauye birni sai alkama biyu da tama uku. Wanda ya fara tara maki goma ya ci.

Abin da ya kama ni shi ne cinikin. Ba mai samun duk abin da yake buƙata a gonarsa, dole ka nemi na wani, kuma teburin kan koma kasuwa sosai: "Wa zai ba ni bulo in ba shi tumaki biyu?" A lido, in ba yinka ba ne jira kawai kake. A nan ko yin wani ne kunnenka a buɗe yake, don jifarsa na iya cika maka rumbu. A watan Oktoba abokin nan ya kai ni Essen, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa, inda ake baje kolin wasanni na kwana huɗu duk shekara. Na ga zauruka manya-manya cike da tebura, tsoho mai furfura da jikarsa sun duƙufa kan allo ɗaya, baƙi da ba su taɓa ganin juna ba sun zauna suna koyon doka tare. Ba ko sisi a kan tebur. Na dawo gida da Catan da Carcassonne da Ticket to Ride a akwati, na rage tsarabar tufafi don su samu wuri.

Daren Asabar ya zama namu. Mu huɗu ne a zauren gidana: ni da ƙanina, da wani malamin sakandare maƙwabcina, da aminina tun na firamare, wanda ke sayar da atamfa a Kantin Kwari. Shayi a kan gawayi, gyaɗa a faranti. Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai, kuma har yau in na tuna dariyar da aka yi a zauren nan sai in ji ƙirjina ya yi sanyi.

Ni mutumin lissafi ne, aikina ke nan. Ban daɗe ba na gane cewa 'ya'yan lido biyu hanya 36 suke faɗuwa: shida daga ciki bakwai suke bayarwa, shida da takwas kowace hanya biyar, biyu da sha biyu kuwa hanya ɗai-ɗai. Masu wasan ma ba su ɓoye ba, sun ɗiga ɗigo a ƙarƙashin kowace lamba, sun rubuta 6 da 8 da ja. Kafin kowa ya gama kurɓar shayi na ƙirga ɗigon kowace mahaɗa. Ina riƙe da lissafin katin da ke hannun kowa. Na fara ci, na ci gaba da ci, kuma ban tsaya nan ba: in an tashi sai na bi kowa da bayanin inda ya yi kuskure. A zuciyata koyarwa nake. Ban lura da cewa malamin nan ya fara kawo uzurin makin jarrabawa duk Asabar ba.

Akwai ɓarawo a Catan. Duk wanda ya jefa bakwai shi ke ɗaga shi ya ɗora a filin da ya ga dama, filin ya daina ba da amfani, ya kuma zari kati ɗaya daga hannun mai ƙauye a wurin. Wani dare ina neman tama guda in gina birni, aminina na da ita. Ya ce zai ba ni a kan tunkiya ɗaya tak, araha ƙwarai, da sharaɗin in bakwai ta zo mini ba zan ɗora ɓarawo a gonar alkamarsa mai lamba takwas ba. Na ce na yarda. Zagaye biyu bayan nan bakwai ta zo mini. Na duba, yana da maki takwas, ina da takwas. Na ɗauki ɓarawon na dangwara a kan alkamar.

Ya ce, "Haba mutumina, ba mun yi magana ba?"

Na ce ai dokar wasa ba ta ɗaure kowa da alkawari ba, yana iya duba takardar.

Bai duba takarda ba. Ya juya kofin shayinsa a hannu, ya ce, "In a kan alkamar kwali ka saɓa, ta buhu fa?" Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi, na ci wasan. Asabar ta gaba bai zo ba, ta gaba ma haka. Muna gaisawa a waya, muna haɗuwa a ɗaurin aure, amma zauren ya mutu. Dara ta ci gida. Ɗan kasuwa ne da ke ba da kayan miliyoyi bashi a kan kalmar baki kawai, ba takarda ba shaida, kuma abin da na taka ke nan a gabansa saboda maki biyu.

Maimakon in dubi kaina sai na ɗora wa wasan laifi. Na ce gasa ce ke ɓata zumunci, a nemo wasan da ba gasa. Haka Pandemic ya shigo gidana. Na ma karanta cewa wanda ya ƙirƙiro shi, Matt Leacock, Ba'amurke, ya fara tsara shi ne bayan ya lura wasannin gasa na jawo tsamin rai tsakaninsa da matarsa, ya ɗauki hoton annobar SARS ya gina wasan a kai, ya fito a 2008. Na ce to ga magani. Ashe ciwon na tare da ni. A Catan doka ta hana ni taɓa kayan wani. A Pandemic kuwa, tunda duk tafiyarmu ɗaya, sai na samu ƙofa a buɗe: ni ke faɗa wa kowa inda zai je, katin da zai riƙe, wanda zai yar. Mutum uku na zaune suna riƙe mini kati, ni kaɗai nake wasa. Kuma da yake muna yawan ci, ban taɓa jin ina zaluntar kowa ba.

A daren nan na azumi na bi ta kicin. Tana feraye dankalin sahur, ba ta ɗago ba. Na fara da kare kai, na ce da ban matsa ba da Legas ta ɓarke.

Ta ce, "Na ga Legas. Ƙaninka yana Khartum tare da ni, katin rawaya uku gare shi, shi kuma huɗu kawai yake buƙata ya haɗa magani. Katin Khartum na hannuna. In miƙa masa, in taka Legas, in share ta, da sauran taku ɗaya a hannuna. Shi nake lissafi."

Na tsaya na auna. Dabararta ta fi tawa nesa ba kusa ba. Da mun samu maganin rawaya zagaye guda kafin lokacin da muka samu. Ban gan ta ba sam.

Ta ajiye wuƙar. "Ni ba wasan ne ya dame ni ba, Abbansu. Hannun nan na san shi. Shi ya canja wa yarinyar nan makaranta, sai da aka kawo yunifom na ji. Shi ke sake lissafin cefane bayan na gama. Shekara goma sha uku ina jin sa a jikina, yau dai na gan shi da ido a kan kwali."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Na rasa abin cewa. Na koma falo na zauna har aka kira assalatu, ina bin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa zaginta ba, ban taɓa hana ta abin buƙata ba, kuma da wannan nake auna kaina in ce ni miji ne nagari. Amma na kasa tuno rana guda da na bar ta ta kai ƙarshen tunaninta kafin in yanke. Abin da na ɗauka ƙwazo ne da kula, a wurinta raini ne: kullum ina gaya mata, ba da baki ba, cewa ban yarda da hankalinta ba. Na ba ta haƙuri da gari ya waye. Ta karɓa, amma ta ce ita da allon nan sai wani lokaci.

Bayan salla, da aka sassauta kulle, na tafi Kwari. Na samu aminina yana auna wa wata hajiya yadi, na jira ya sallame ta, na ce na zo ne a kan alkamar nan. Shekara biyu da faruwar abin, amma bai tambaye ni wace alkama ba. Ya miƙo mini hannu, ya aika yaro ya sayo fura.

Ƙanina ne ya kawo Hanabi a 2021, ɗan ƙaramin kwali da zai shiga aljihun riga. Wani Bafaranshe, Antoine Bauza, ya tsara shi, ya fito a 2010, ya ci kyautar nan ta Jamus a 2013. Sunan kalmar Japananci ce, ma'anarta wasan wuta irin na biki. Kati 50 ne, launi biyar, kowane launi daga 1 zuwa 5, ana so a jera su bi da bi a tsakiya, cikakken maki 25. Ga inda gizo ke saƙar: katinka juya shi kake, bayansa na kallonka, fuskarsa na kallon jama'a. Kowa na ganin abin da ke hannunka ban da kai. In yi ya zo kanka abu uku ne: ka sauke kati, ko ka yar da kati, ko ka ba wani haske a kan hannunsa, launi ɗaya ko lamba ɗaya, ba ƙari. Hasken ma a ƙirge yake, tsaba takwas ce, kowane haske na cin guda, sai an yar da kati ko an kammala layi da 5 take dawowa. Kuskure uku, wasa ya ƙare. Ba gyaran murya, ba harara, ba ɗaga gira.

Da ya ajiye kwalin ya ce, "Yaya, wannan naka ne." Na fahimci abin da yake nufi, ban kuma ji haushi ba. Matata ta karanta dokar da kanta, ta ce wannan za ta zauna.

Ban taɓa yin wasan da ya wahalar da ni kamarsa ba. Wahalar farko ita ce shiru: kana kallon mutum ya kama katin da zai ɓata komai, ka san amsa, bakinka a ɗinke. A nan na tuna Baba a ƙarƙashin darbejiya, na gane me ya sa yake goye hannuwa a baya. Riƙe su yake yi.

Wahala ta biyu ta fi zafi, kuma 'yata ce ta nuna mini ita. Jan layi ya tsaya a 3. Ina hango jan 5 a hannun mahaifiyarta, guda ɗaya tak a duk kwalin. Jan 4 biyu ne, an riga an yar da ɗaya. Tsaba ɗaya ta rage, yarinyar ta kashe ta a kaina: ta sa yatsa a kan katina na gefen hagu ta ce, "Abba, wannan ja ne." Ke nan ko dai 4 ɗin da ake jira ne, ko wani ja da ba shi da sauran amfani. Duk mai hankali ya san ba za a kashe tsabar ƙarshe a kan katin banza ba. Amma zuciyata ta ce, yarinya ce, wataƙila abin da ta gani kawai ta faɗa. Na riƙe katin zagaye uku ina jiran wani babba ya tabbatar mini. Ba wanda ya samu dama. Kati ya ƙare, jan 5 ya mutu a hannun uwarta, muka tashi da 19. Na juyo katin: jan 4.

Ta ce, "Abba, ai na faɗa maka." Ba tsiwa a muryarta, mamaki ne kawai, irin na wanda ya miƙa maka abu da hannu biyu ka bar shi ya faɗi. Na ce mata ta yi daidai, ni na ƙi yarda. Ina jin wannan ne karo na farko da ta ji haka daga bakina.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, don na san tana ran mai karatu kamar yadda ta daɗe a raina. Duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce wurin da aka hana wasan nardi da shaɗaranji. Na kai wa malamina maganar, na kwatanta masa abin da muke yi ba tare da na rage komai ba. Ya ce duk wasan da aka sa kuɗi a kansa caca ne, wannan ba saɓani. Ya ce malamai sun fi tsanantawa a kan abin da ake jefawa a dogara da sa'a. Sannan ya tambaye ni ko wasa ya taɓa sa na makara sallar asuba. Na ce ya taɓa, ba sau ɗaya ba, a zamanin zaure. Ya ce to in fara gyara wannan. Tun daga ranar muka sa ƙa'ida: ba a buɗe kwali sai bayan isha'i, ƙarfe goma da rabi a rufe ko ana tsakiya. Ni a karan kaina hankalina ya fi kwanciya da waɗanda ba a jifa a cikinsu, irin su Hanabi da Ticket to Ride da Carcassonne, kuma su muka fi ɗaukowa yanzu. Na faɗi abin da na zaɓa wa gidana ne, kowa ya tambayi malaminsa.

Hannun bai warke sarai ba. Har yanzu in ana shawarar kuɗin makaranta ko tafiya gida, nakan ji amsa ta taso mini tun matata ba ta rufe baki ba, wani lokaci in riƙe, wani lokaci ta kuɓuce. In ta kuɓuce takan ce, "Yin wa ne?" sai in ja baya. Zauren Asabar ya dawo, malamin sakandare ma ya dawo, kuma shi ya fi kowa iya Carcassonne.

A cikin murfin kwalin Hanabi muke rubuta makin kowane dare da kwanan wata. Mafi yawa da muka taɓa samu 23. Makon jiya ƙaramin ɗanmu, mai shekara takwas, ya zauna da mu karo na uku. Tsaba ta ƙare, dole ya sauke ko ya yar. Na ga yatsunsa sun nufi katin gefen dama, koren 5 ne, kuma koren layi na kan 3. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina, na kafa ido a kan kafet. Ya zare shi ya yar, ya juya ya gani, ya dafe kai. Uwarsa ta ce ba komai, a ci gaba, ga tsaba ta dawo. Muka tashi da 21, shi ya karɓi biro ya rubuta a murfin, ya ce gobe shi zai raba kati.